Kafin Ranar Tiyata: Sankarar Mama da Fargabar Kwanakin Jira

Daga ranar da likita ya tabbatar wa mace cewa ƙullutun da ke cikin mamanta sankara ce, wato ciwon daji, zuwa ranar da za a shigar da ita ɗakin tiyata, akan sami tazarar 'yan makonni. A wurin likitoci wannan lokaci ne na shiri: a auna jini, a ɗauki hoton ƙirji, a duba lafiyar zuciya, a tanadi gado da jinin ko-ta-kwana, iyali kuma su harhaɗa kuɗi. Ita kuwa mai ciwon, babu kwanakin da suka kai waɗannan tsawo a rayuwarta. A cikinsu ne takan fara jin abubuwan da ba ta taɓa ji ba. Maman da bai taɓa damunta ba sai ya riƙa zogi da dare. Ƙullutun da ta sani kamar ɗan kanya sai ta ji kamar ya ninka. Ta laluba hammata ta ji kaluluwa. Wani lokaci ma ɗaya maman, wanda aka ce lafiyarsa ƙalau, shi ne zai kama suka. Tambaya ɗaya ce ke hana ta barci: shin ciwon nan yaɗuwa yake yi, ni kuma ina zaune ina jira?

Wannan tambaya ce ta ilimin halittu, kuma tana da amsa. Ya kamata ɗalibanmu na sakandare da malamansu su san amsar, domin a gidaje da yawa ɗan makaranta shi ne mai karanta takardar asibiti, shi ke raka uwa ko gwaggo wurin likita, shi kuma ake tambaya in an dawo gida, “Me suka ce?” Ciwon kuwa ba baƙo ba ne. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3, ta kuma kashe kimanin 670,000. A Nijeriya, ƙiyasin shekarar 2020 ya nuna sababbin masu ciwon fiye da 28,000, waɗanda suka rasu kuma fiye da 14,000. Maza ma sukan kamu, sai dai ba su wuce kimanin ɗaya cikin ɗari na masu ciwon ba.

Jiran da mata suka nema da kansu

A da can babu wannan jira. Tun daga zamanin William Halsted, likitan fiɗa na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, wanda ya buga sakamakon aikinsa a 1894, an ɗauka cewa sankara tafiya take yi taku bayan taku daga mama zuwa hammata, saboda haka sai a yanke da sauri, a kuma yanke da yawa. Har cikin shekarun 1970 akan sa mace barci, a ciri ɗan yanki a duba nan take, in an ga sankara ce a cire maman duka kafin ta farka. Ta kwanta ba ta san me ke damunta ba, ta tashi ba mama. Wata 'yar jarida Ba'amurkiya, Rose Kushner, wadda ciwon ya kama a 1974, ta ƙi yarda da haka, ta dage a raba awo da aiki. A 1979 taron masana na cibiyar binciken lafiya ta ƙasar ya amince da ra'ayinta. Sa'an nan binciken Umberto Veronesi a Milan ta Italiya, a 1981, da na Bernard Fisher a Pittsburgh, a 1985, suka nuna cewa idan ƙarin bai girma ba, cire shi kaɗai tare da gasa wurin da na'ura yana ba da tsawon rai daidai da cire mama duka.

Ke nan tazarar nan tana da aikin yi. A cikinta ake gano nau'in sankarar: ko mai rayuwa da sinadarin mata ce, wato homon ɗin da ake kira istirojin, ko mai ɗauke da furotin ɗin nan HER2 da yawa, ko wadda ba ta da ko ɗaya. Da wannan bayani ake yanke shawarar irin aikin da za a yi, da kuma ko tiyata za a fara ko magani.

Lissafin ninkawa

Sankara tana farawa ne daga ƙwayar halitta guda ɗaya tak, wadda ta daina bin umarnin da ke tsayar da rabuwa. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Duk ɗalibin da ya yi darasin ninkawa a ajin lissafi zai iya bin sawun abin da takarda da fensir. Bayan ninki 10 ana da ƙwayoyi 1,024. Bayan ninki 20 sun haura miliyan ɗaya, amma duk da haka taron bai wuce kan allura ba, babu hannun da zai ji shi. Sai an kai ninki 30, ƙwayoyi sun haura miliyan dubu, sa'an nan ƙarin ke kai faɗin santimita ɗaya, kamar ƙwayar gujiya. A nan ne yatsa kan fara cin karo da shi. Ma'ana, ranar da mace ta fara jin ƙullutu, ya riga ya yi mafi yawan ninke-ninken da zai yi a rayuwarsa cikin duhu.

To, kwana nawa ninki ɗaya ke ɗauka? Masu bincike sun auna wannan ta hanyar kwatanta hotunan mama da aka ɗauka a lokuta daban-daban. Wani bincike da aka buga a 2014 daga birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya sami matsakaicin kwana 241 ga nau'in da ke rayuwa da istirojin, kwana 162 ga mai HER2, da kwana 103 ga nau'in da ba shi da ko ɗaya, wanda shi ne mafi gaggawa. A Norway kuma, binciken da aka buga a 2008 kan mata kusan 400,000 masu shekara 50 zuwa 69 ya ƙiyasta cewa ƙari yakan ɗauki kimanin shekara ɗaya da wata takwas kafin faɗinsa ya tashi daga santimita ɗaya zuwa biyu. Bambancin da ke tsakanin mata yana da girma: kashi 5 cikin ɗari na ƙarin sun yi wannan tafiya cikin ƙasa da kwana 40, wasu kashi 5 kuma sun haura shekara shida. Gwargwadon ƙuruciyar mace, gwargwadon saurin da akan gani.

A nan dole mu yi wa kanmu adalci. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Nijeriya da ke Jami'ar Chicago, ta buga da abokan aikinta a 2009 kan mata daga Nijeriya da Senegal, ya nuna cewa nau'in nan mai gaggawa ya fi yawa a cikin matanmu fiye da yadda yake a cikin Turawa, kuma ciwon yakan kama namu da sauran ƙuruciya. Saboda haka bari mu yi lissafinmu da kwana 100, kada mu zaɓi adadin da zai faranta mana rai.

A ɗauka ƙarin yana da faɗin santimita 2, kamar ɗan kanya, an kuma sa ranar aiki nan da kwana 30. A cikin kwana 30 yawan ƙwayoyinsa zai ƙaru da kimanin kashi 23 cikin ɗari. Adadin yana da ban tsoro a takarda. Amma ƙari dunƙulallen abu ne, yana girma ta tsawo da faɗi da kauri a lokaci guda, don haka sai yawan ƙwayoyi ya ninka sau takwas kafin faɗi ya ninka sau biyu. Ƙarin kashi 23 a yawa, kashi 7 ne kawai a faɗi, wato milimita ɗaya da rabi bai cika ba. Ɗauki rula ka duba milimita ɗaya da rabi, sa'an nan ka tuna cewa ta cikin fata da kitse ake lalubensa. Ko ƙwararren likita ba zai iya rantsewa ya ji wannan bambanci da yatsa ba. Idan kuwa ninkin kwana 180 ne, ƙarin faɗin bai kai milimita ɗaya ba.

Malamai za su iya ba wa 'yan aji wannan a matsayin aikin gida, su ci gaba da lissafin. Za su tarar bayan wata shida ƙarin nan na santimita 2 ya kai 3, bayan shekara guda kuma ya haura huɗu da rabi, ya doshi girman ƙwan kaza. Likitoci suna sa iyaka a santimita 2 da santimita 5 wajen rarraba matakan ciwon, kuma tsallake kowace iyaka yana canza magani da kuma fatan warkewa. Lissafi ɗaya ne ya ba da amsoshin biyu, kuma za mu dawo kan na biyun.

Saura batun yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga ƙwayar sankara. Sai ta ɓalle daga 'yan'uwanta, ta huda bangon hanyar jini, ta tsira daga sojojin jiki, ta fita a wani wuri, ta kuma samu abinci a can. Judah Folkman ya bayyana a 1971 cewa ƙari ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu sai ya jawo wa kansa sababbin hanyoyin jini. Isaiah Fidler kuma, a 1970, ya zuba ƙwayoyin sankara a jinin ɓeraye ya ga kimanin ɗaya cikin dubu ce kawai ke rayuwa har ta kafa sabon gida. Ƙarin da ya shekara da shekaru yana zaune, idan ya aika da ƙwayoyi, galibi ya aika tun kafin a gano shi. Dalilin da ya sa ake ba da magani bayan tiyata ke nan, ko da an cire ƙarin tsaf. Makonni uku ko huɗu na jira ɗan gutsure ne a cikin wannan dogon tarihi.

To me ya sa take jin ya ƙaru?

Ba ƙarya take yi ba, kuma sau da yawa akwai abin da ya ƙaru ɗin. Kafin a ce sankara ce, sai da aka soka allura mai kaurin kimanin milimita biyu aka ɗebo 'yan siraran tsoka, sau uku ko fiye, aka kai ɗakin awo. Mama cike yake da ƙananan hanyoyin jini, ƙarin kansa ma ya fi sauran wurin jini. Allurar takan yanke wasu, jini ya tsiyaya ya kwanta a gefen ƙarin ya daskare. Yatsa ba ya iya raba gudan jini da ƙari, abu ɗaya mai tauri yake ji, wanda ya fi na makon jiya girma. Wannan ƙari na kwana biyu ko uku ba irin na sankara ba ne, domin kamar yadda muka gani ba ta da wannan sauri.

Bayan haka jiki yakan aiko da masu gyara. Hanyoyin jini su buɗe, ruwa ya taru, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi. Tun ƙarni na farko Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Selsus ya lissafa alamomin wannan aiki guda huɗu: ja, zafi, kumburi da ciwo. Su ne dai muke gani a kowane rauni, ko na sassabe ne ko na allurar likita. Fararen ƙwayoyin nan suna cinye jinin da ya kwanta, suna sarrafa jan sinadarinsa ya koma kore, sa'an nan rawaya, shi ya sa fatar wurin ke canza launi. A baƙar fata launukan ba su cika fitowa ba, sai dai a ga wurin ya ƙara duhu. Cikin mako biyu zuwa huɗu abin yakan baje, ko da yake babban gudan jini yakan fi haka daɗewa.

Kaluluwar hammata ita ce ta fi tayar da hankali, domin kowa ya ji cewa ta nan ciwon ke bi. Gaskiya ne kimanin kashi uku cikin huɗu na farin ruwan da ke fita daga mama ta hammata yake wucewa, inda wasu 'yan ƙullutaye ke tace shi. Amma duk yaron da ya taɓa taka ƙaya ya ga kaluluwa ta fito masa a matsematsi ya san aikin waɗannan matata: rauni kowane iri yana kumbura su. Kaluluwar da ta fito 'yan kwanaki bayan allura, mai ciwo in an taɓa, mai zillewa ƙarƙashin yatsa, ta fi kama da ta rauni. Ta sankara galibi tauri gare ta, ba ta cika ciwo ba, wani lokaci kuma a manne take. Wannan kwatance ne kawai. Mai raba gardama shi ne sikanin, kuma a lokacin aiki akan ciri wasu daga cikinsu a duba.

A nan ne ya dace mu tsaya kan maganar nan da ta zama ruwan dare a ƙasar Hausa, cewa daji ba ya son ƙarfe, in an yi masa allura ko an sa masa wuƙa sai ya haukace. Ba a banza mutane suka faɗi haka ba, abin da idonsu ya gani suka fassara. Sun ga an soka allura, wuri ya kumbura. Sun kuma ga matan da aka kai asibiti bayan ciwo ya ci jiki, aka yi aiki, ba a jima ba suka rasu, sai aka ɗora wa wuƙa laifin da jinkiri ya yi. An bincika wannan batu sosai. Akan sami 'yan ƙwayoyi a kan hanyar da allura ta bi, amma yawancinsu mutuwa suke yi, ragowar kuma aiki da gashi da magani suna share su, kuma ba a ga awon allura ya rage tsawon ran masu ciwon ba. A ganina ƙarfen da ya cancanci a ji tsoro shi ne askar da ake tsaga ƙullutu da ita a gida, ko sakiya, da kuma magunguna masu cin fata da ake liƙawa. Waɗannan suna buɗe gyambon da ba ya rufewa, su shigar da ƙwayoyin cuta, har aikin da aka shirya ya gagara.

Akwai kuma hannun mai ciwon kanta. Wadda ke matsa wuri ɗaya sau ashirin a yini don ta ji ko ya ƙaru, za ta sa shi ciwo ko da lafiyayye ne. Ga kuma haila. A mako biyun da ke gabanta sinadarin furojestaron yana sa mama ya riƙe ruwa, ya yi nauyi, ya yi gudaji-gudaji, duka biyun kuwa, har da wanda ba shi da ciwo. Abin da ta saba gani kowane wata ba ta kula ba, yanzu ya zama abin tuhuma. Wadda likita ya sa ta dakatar da maganin tazarar haihuwa, ko ta yaye yaro ba shiri, ita ma za ta ji canji.

Na ƙarshe shi ne ƙwaƙwalwa. A kowane lokaci dubban saƙonni suna isowa daga fata da tsoka, ƙwaƙwalwa tana watsar da mafi yawansu. Mai karatu bai ji wuyan rigarsa a jikinsa ba sai yanzu da aka ambata. Idan aka gaya wa mutum akwai haɗari a wani sashe na jikinsa, sai ƙwaƙwalwa ta daina watsar da saƙon wannan sashe, kowane motsi ya iso da ƙarfi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tsoro kuma yana sakin sinadarin adirenalin, wanda ke ɗaure tsokar ƙirji da kafaɗa da wuya. Tsokar da ta kwana a ɗaure takan yi ciwo, haka ma guringuntsin da ya haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji, kuma da yake mama a kansu yake zaune, sai a ɗauka shi ne. Numfashi sama-sama na mai fargaba yana rage iskar kabon a jini, ya kawo jiri da tsikari a yatsu da leɓe. Ciwon nan na gaske ne, jijiyoyi ne suka kai shi. Kuskure ne babba a ce wa mace, “Tunani ne kawai,” domin daga ranar ba za ta sake faɗin abin da take ji ba, har da wanda ya kamata a sani. A kuma lura, sankarar mama a farkonta galibi ba ta ciwo, don haka ciwo ba ma'auni ba ne na girmanta ko na tafiyarta.

Abin da ba a kwana da shi

Duk bayanin da ya gabata ba izini ba ne na yin shiru. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowane sabon abu a gaya wa likita ko ma'aikaciyar jinya, su ne za su ce ba kome. Sai dai akwai waɗanda ba a jira ranar ganin likita da su.

Idan wurin allura ya yi zafi rau, kumburi yana faɗaɗa, ga zazzaɓi ko mugunya, ƙwayoyin cuta sun shiga, kuma sai an kashe su kafin a yi aiki. Idan mama ya cika ya yi tam cikin 'yan sa'o'i, ko jini ya ƙi tsayawa, wata hanyar jini ce ba ta rufe ba, musamman ga mai shan asfirin ko maganin tsinka jini. Akwai kuma wani nau'in sankara da ba kasafai ake ganinsa ba, bai wuce kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari ba, wanda ya saɓa wa lissafinmu na sama. Shi ba ya dunƙulewa, toshe magudanan ruwa na fata yake yi, sai cikin makonni mama ya kumbura, ya yi nauyi da ɗumi, fata ta yi kauri da 'yan ramuka kamar ɓawon lemo. Littattafan Turai suna cewa fatar takan yi ja. A jikin matanmu sau da yawa duhu take ƙarawa da sheƙi, shi ya sa akan ɗauke shi a matsayin ƙurji ko ciwon nono na masu shayarwa. Wannan yana canza shiri gaba ɗaya, domin da magani ake fara masa. Haka nan sabon ƙullutu a wani gefe ko a ɗaya maman, jini daga kan nono, ko fata ta fashe, duk suna iya sa likita ya sake hoto ya sake tsarin aikin, kuma gara ya sani tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

A wajen mama kuwa, abin lura shi ne ciwon ƙashi a wuri ɗaya wanda ba ya lafawa da hutu, har yana tayar da mutum daga barci, da tari ko haki da ba su da dalili, da shawara, da ciwon kai mai tsanani tare da amai. Ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafafu ko kasa riƙe fitsari, na gaggawa ne a ranar. Haka ma kumburin sha-raɓa ɗaya mai ciwo, domin sankara tana sa jini saurin daskarewa, gudan kuma yana iya tafiya huhu.

Ina iyakar jiran?

Lissafin da ya kwantar mana da hankali a kan kwana 30 shi ne ya tayar da shi a kan wata shida, kuma alƙaluman asibitoci sun bi bayansa. A 1999 mujallar Lancet ta buga nazarin da ya tattara bincike 87 kan mata fiye da 100,000, ya nuna cewa waɗanda suka yi wata uku ko fiye tsakanin fara jin alama da fara magani, masu kai shekara biyar a cikinsu sun yi ƙasa da na sauran da kashi 12 cikin ɗari. A 2016 Richard Bleicher na Filadelfiya da abokan aikinsa suka nuna cewa haɗarin yana hawa a hankali da kowane ƙarin kwana 30. Wani binciken na Amurka a 2023, kan mata fiye da 370,000, bai ga bambanci ba tsakanin waɗanda aka yi wa aiki a makonni huɗun farko da waɗanda aka yi wa zuwa mako na takwas, amma daga nan bambanci ya fara bayyana. Ke nan wata ɗaya ba abin damuwa ba ne, wata biyu shi ne bakin iyaka, abin da ya wuce haka kuma sai a tashi a bi sawu. Wadda aka fara wa magani na wata huɗu ko shida don ƙarin ya ragu kafin aiki ba ta cikin wannan lissafi, domin ita an riga an fara yaƙin. Ƙarinta ma yakan yi zogi ko ya yi laushi sa'ad da maganin ke cinsa.

Matsalarmu a nan ba ta makonni ba ce. Nazarin da aka buga a 2016 ya nuna kimanin kashi uku cikin huɗu na baƙaƙen mata a Afirka kudu da Sahara suna isa asibiti ne a mataki na uku ko na huɗu. Wani kuma na 2020, wanda ya bi mata a ƙasashe biyar, ya tarar kashi 36 cikin ɗari ne kawai na 'yan Nijeriyar da ke ciki suka kai shekara uku bayan gano ciwon, alhali a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 suna haura shekara biyar. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya sa burin a kammala awo cikin kwana 60, kuma aƙalla kashi 80 cikin ɗari na masu ciwon su kai ƙarshen magani. Wannan buri na biyu yana nuni ne ga matan da ke ɓacewa a tsakiya, kuma kwanakin jiran tiyata suna cikin wuraren da ake ɓacewa. Mace ta ji ƙullutu ya ƙaru bayan allura, maƙwabta su ce ai mun faɗa, a ɗauke ta zuwa wurin mai magani a wani ƙauye, a dawo bayan wata takwas da gyambo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wata kuma kuɗi ne ba su haɗu ba, ko nisa daga Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, inda manyan asibitocin koyarwa suke. Ɗalibin da ya fahimci gudan jini da lissafin ninkawa yana da abin faɗa a zaman da iyali za su yanke wannan shawara, ko da shi ne ƙarami a ɗakin.

Akwai kuma aikin da zai iya yi da hannunsa. Ya samo ɗan littafi ya riƙa rubuta kwanan wata da abin da aka ji: yaushe ya fara, a ina, yana ƙaruwa ko yana raguwa, ranar da aka yi allura, ranar da haila ta zo. Duba wurin sau ɗaya a mako ya isa. Ya karɓi lambar wayar sashen da ke kula da ita tun ranar farko. Ya rubuta duk abin da take sha, na asibiti da na gargajiya, domin wasu suna hana jini tsayawa, wasu kuma suna karo da maganin sa barci. Mai ciwon sukari ko hawan jini ta ci gaba da maganinta yadda likita ya tsara, wadda kuma ke zaton tana da ciki ta faɗa. Idan barci ya ƙaurace kwana da kwanaki, ko abinci ya ƙi shiga, wannan ma abin gaya wa likita ne.

A safiyar aiki likitan fiɗa zai sake duba maman da hammata, ya yi alama a fata, kuma a nan ne littafin zai yi amfani. Abin da aka cire za a kai shi ɗakin awo, a yanka shi sala-sala, a auna ƙarin da rula, a ƙirga kaluluwar da ciwon ya shiga a ƙarƙashin madubin likita. Sakamakon yakan fito bayan mako ɗaya ko biyu, a wasu wuraren fiye da haka, kuma da shi ake tsara maganin da zai biyo baya.